Rasuwar Zuma, Wadda Ta Bar Rabin Kan Baba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da abokan sana'a, da duk wanda ya taɓa zama a kujera ta uku ta shagonmu, wadda ke jikin taga, rasuwar kilifata, injin askina, abokiyar hannuna na dama, wadda aka fi sani da Zuma.

Ta rasu ranar Talata da hantsi, ana ruwa tun asuba, irin ruwan nan mai naci da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Ta cika tana bakin aiki, a cikin hannuna, a bayan kunnen mahaifina na hagu.

Wanda bai san ni ba ba zai gane girman wannan rashi ba, don haka a yi mini uzuri in ɗan faɗi ko ni wane ne. Ni ne wanda mahaifiyata take kira Ba-zama. Na bar makaranta ana tsakiyar zango, ba kora ba, ba rashin lafiya ba, kawai wata rana na ga ƙofa a buɗe. Na yi kanikanci na bari kafin in iya kwance giyar mota. Na yi ɗinki na bari a kan hannun riga. Na yi wankin mota, na yi tallan kayan waya, na bi wata motar kaya har sau biyu. Baba bai taɓa dukana a kan wannan ba. Magana ɗaya ya yi, wata rana yana kallon kofin da na ajiye, ya ce, "Kai ko ruwa aka ba ka sai ka bar rabi." Tun daga ranar nan, gaisuwa kawai ke haɗa mu.

A cikin wannan hali marigayiya ta same ni. Na fara koyon aski, Maigida, mai shagonmu, ya ce kujera tasa ce amma kowa da ƙarfensa. Na tafi wurin wani tsoho mai sayar da kayan lantarki a bakin babban titi. Ya jera mini kilifa a kan kanta, sababbi da na hannu, ya ce kada in dubi fenti, in kasa kunne. Ya riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya. Wata tana ruri kamar injin niƙa, wata tana tari, wata muryarta tana rawa kamar mai jin sanyi. Sai ya ɗauko wata ta hannu, mai tabo a gefe, an naɗe mata ƙugu da baƙin salatif. Ya danna, ta ce ƙas, sannan ta ce zuuuuuu. Murya ɗaya miƙaƙƙiya, ba hawa ba sauka. Na ji ta har cikin gwiwar hannuna. Ban nemi jin ta gaba ba.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri, mai kawaici, mai rufa asiri. Ba ta taɓa cizon wuyan kowa ba. Ba ta taɓa fizgar gashi ba, ko da na mutumin da ya yi wata uku bai ga mataji ba. Yaron da aka kawo yana shure-shure yana ihu, in na ɗora masa ita a tafin hannu ya ji kaɗawarta, sai ya yi tsit yana kallonta. Ba ta da kwaɗayi: ɗigon mai a haƙora, a goge ta da buroshi, a ba ta caji, shi ke nan. In wuta ta ɗauke, ta Maigida da ta Dogo, abokin aikina, sukan mutu nan take, tunda da igiya suke rayuwa. Ita kuwa cajinta a cikinta yake, sai ta ci gaba da zuuuu ita kaɗai a cikin shagon, mutane suna taso wa kujerata. Ko gajiya ta yi ba ta faɗuwa haka kawai. Takan sassauta murya tukuna, zuuu, zuu, ta ba ni lokaci in ƙarasa kan da ke gabana. A duk zamanmu ba ta taɓa kunyata ni ba.

Babban alherinta kuwa, wanda ba zan iya biya ba, shi ne ta zaunar da ni. Aski ba ya karɓar rabi. In ka fara kai dole ka kai shi ƙarshe, mai shi yana zaune yana kallonka a madubi. Ni da ban taɓa kai komai ƙarshe ba, sai ga ni ina gama abu sau goma sha a wuni, ina kakkaɓe mayafi, ina cewa na gaba. Shekara uku na yi a jikin tagar nan. Inna har ta fara mantawa da sunan da ta sa mini.

Rashin lafiyarta ya fara ne daga abin cajinta, wanda igiyarsa ta karye a wuya. Na tafi wurin tsohon nan in samo wani, na tarar babu shi babu kantarsa. An ce ciniki ya mutu masa, ya koma wurin 'ya'yansa. Shagon ya zama wurin ajiye kwalayen babbar kasuwar nan ta cikin waya, wadda kowa ya sani, wadda a shagonmu muke kira Gidan Kwali. Na bi sauran shagunan layin, waɗanda suka rage. Kowa na nuna wa marigayiya sai ya girgiza kai ya ce ai irin wannan sai dai a duba a waya. Na duba a waya. Na ga abin caji, hotonsa tsaf, an rubuta a ƙasa: daidai da na asali. Taurari biyar, mutane dubbai sun yaba. Na danna, kafin in ankara wani mai babur ya miƙo mini kwali.

Ranar farko da na haɗa su ta yi wani sauti da ban san ta da shi ba, tssss, a hankali, kamar mai haɗiye zafi. Bayanta ya riƙa ɗumi. Wani lokaci nakan ji ƙauri-ƙauri in na kai ta kusa da hanci. Muryarta ta fara rawa a ƙarshen wuni. Na ɗauka shekaru ne. Ita kuwa, kamar yadda ta saba, ba ta yi ƙorafi ba.

Sai bayan rasuwarta Dogo ya karɓi wayata ya gangara ƙasa ya karanta abin da dubban nan suka rubuta. Wani ya ce yana da laushi. Wata ta ce ta saya wa mijinta guda shida kuma ba ya sa ƙafa gumi. Wani ya ce ya wanke sau uku bai koɗe ba. Ashe da can safa ake sayarwa a shafin. Mai kayan ya cire hoton safa ya sa na abin caji, ya bar taurarin a inda suke. Ina so a rubuta wannan a inda ake rubuta sanadi: taurarin safa ne suka kashe Zuma, su da kalmar nan daidai da. Manya sun ce kama da wane ba ta wane, amma ba su ce wata rana za a sa wa maganar hoto a aiko da ita cikin kwali ba.

Na kai ƙara. Wani inji ya amsa mini da ladabi, ya ce ya ji zafin abin da ya same ni. Sunan mai kayan ya ɓace daga shafin, wasu haruffa da ba sa karantuwa suka maye gurbinsa. A ƙarshe aka ce in mayar da abin cajin cikin kwalinsa na asali, za a aiko mini da wani irinsa. Wato in mayar da wuƙar, a ba ni sabuwa.

Yanzu ga yadda ta cika. Safiyar Talatar nan wuta ta ɗauke tun da ruwa ya sauko. Maigida yana gyangyaɗi, Dogo yana latsa waya. Sai ƙofa ta buɗe, wani ya karkaɗe laima a bakin ƙofa, na ɗaga kai na ga Baba. Bai taɓa taka shagon nan ba. Kansa yana hannun mai askinsa tun kafin a haife ni. Ya amsa gaisuwar Maigida, ya wuce kujerarsa, ya wuce ta Dogo, ya zo ta uku ya zauna. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "A rage."

Ban san abin da ya kawo shi ba, har yau kuma ban tambaya ba. Na ɗaura masa mayafi. Ban taɓa ganin tsakiyar kan mahaifina ba sai ranar. Furfura ta fi yadda nake zato, akwai kuma wani tsohon tabo a ƙeya da ba wanda ya taɓa ba ni labarinsa. Na danna, ta ce ƙas, ta ce zuuuu. Na gama ɓangaren dama kamar ana zana shi. Na ga Baba ya lumshe ido. Na zagayo hagu, na ɗora ta a bayan kunne, sai ta ce zuuu, zrr, zrr. Ta ce ƙit. Wani siririn hayaƙi ya fito ta gindinta. Ba ta sassauta murya ba, ba ta ba ni lokaci ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Na danna, na sake dannawa, na girgiza ta, na hura mata iska. Ta riga ta tafi.

Babu wuta, babu ƙarfen da ke motsi a shagon. Baba ya buɗe ido ya dubi madubi. Rabin kai tas, rabi kamar yadda ya zo da shi. Ya daɗe yana kallo. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi. Ya kwance mayafin da kansa, ya ninke, ya mayar da hula, ya ɗauki laimarsa ya shiga ruwa.

Da yamma wuta ta dawo, na ari ta Dogo na tafi gida. Na same shi a tsakar gida da hularsa. Na durƙusa, na sa igiya a bango, na kunna. Ya saurara kaɗan ya ce, "Wannan ta waye?"

Na ce, "Ta Dogo ce, Baba."

Ya ce, "Zanen aro ba ya rufe katara. Ranar da ka samu taka, kan yana nan."

To daga nan na shiga neman magajiya, kuma a nan ne na gane abin da ya sami garinmu muna barci. Maigida, Allah ya saka masa, ya yi mini ta'aziyya sannan ya ce, "Kai Ba-zama, wahalar me kake ba kanka? Danna waya, jibi ta iso. Kowa can yake saya, har ni." Na ce masa hoto ba ya sauti. Ni da kunne na zaɓi marigayiya, kuma wadda za ta hau kan Baba karo na biyu ba za ta hau ba sai na ji muryarta. In wata ta sake mutuwa a bayan kunnen nan, ba kilifa kaɗai za a binne ba.

Na gwada wani ƙaramin shafi mai daɗin suna, wanda ya ce shi na iyali ne, ba ruwansa da manya. Don gwaji na sayi mataji. Ya iso cikin kwalin Gidan Kwali, da salatif ɗinsu, an dai manna wata takarda a kan tambarin. Na je wani shago mai gilashi da fitilu a cikin kasuwa. Mai jiran shagon ya ce ba a buɗe kwali, in ka buɗe ka saya. Da na ce ba irinta nake so ba, ya zaro waya a gabana zai nemo mini, na leƙa na ga inda yake nema. Wani ya haɗa ni da mai sayarwa ta saƙon waya, wanda ya ce in fara turo kuɗi. Ba shi da shago, ba shi da unguwa, hoton da ke kan lambarsa kuma na zaki ne. Duk hanyar da na bi sai in tarar ta zagayo ta faɗa kogi ɗaya, ko kuma ta ɓace a daji.

Mai Tabarau, mai gyaran rediyo a ƙarshen layinmu, shi ya duba gawar. Ya buɗe ta ya sunsuna, ya ce zuciyar ta ƙone ƙurmus, amma haƙoran lafiya lau, za su ƙara shekaru. Shi ne kuma ya kwatanta mini wata mata da ke da ɗan shago a ƙarƙashin matakalar wani bene, bayan tashar mota, wadda ba ta sayar da komai sai kayan aski da na kitso.

Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma ɗaya ba. Abin da na fara gani shi ne wurin sa igiyar lantarki a jikin kantar shagon, ya yi baƙi don yawan amfani. Na ajiye mata marigayiya. Ta juya ta, ta taɓa salatif ɗin, ta ce, "Sannu, ɗana. An ji jiki tare." Ta ciro abin da take da shi ta kunna mini ɗaya ɗaya. Ta farko ruri, ta biyu tari. Ta uku har na fara lallashin kunnena, sai ita da kanta ta kashe ta ta ce, "A'a. Ka ji yadda take haɗiye murya? Wannan ta masu aske gemu a gida ce." Sannan ta dube ni ta ce, "Irin taka ba ni da ita, ba kuma zan ce maka ina da ita ba. Akwai wakilin masu ƙera su da nake saro kaya a hannunsa, amma ba ya sauri. Wataƙila ƙarshen wata, wataƙila ya wuce. In ta iso ka zo da kunnenka. In ba ta yi maka ba ka bar mini kayana."

Ita ce mutum ta farko a duk yawon nan da ta bar ni na fita ban sayi komai ba, shi ya sa na yarda da ita. Sai dai abin da ta ɗora mini shi ne jira, wanda shi ne abin da aka halicce ni babu. Ga shi shagunan da ke dama da hagunta duk sun rufe, kuma ban san ko nata zai kai ƙarshen watan ba. Ga Maigida ya fara cewa kujera ba ta zaman makoki. Ina aiki da ta Dogo in ya huta, masu zuwa domin Zuma kuma sun fara zama a wani wuri. Ga Gidan Kwali suna neman masu babur, riga da hular kwano duk nasu, yau ka je gobe ka fara. Ba zan ɓoye ba, ƙafata ta fara ƙaiƙayin da na sani. Shekaranjiya na tsinci kaina tsaye a ƙofar wurin ajiyarsu, tsohon shagon da na fara jin muryar Zuma. Ƙusar da tsohon yake rataye igiyoyi tana nan a bango, an rataye wata riga mai tambari a kanta. Na tsaya har wani ya tambaye ni ko aiki nake nema. Na ce ina zuwa. Ban koma ba, amma ban ce ba zan koma ba.

Marigayiya ta bar mataji huɗu na lamba, buroshi ɗaya wanda gashinsa ya zube, da rabin kwalbar mai. Ta bar madubi da kujera, waɗanda ba nata ba ne amma sun saba da ita. Ta bar yaran unguwa da ba sa yarda da kowa sai ita. Ta bar ni. Ta kuma bar aiki ɗaya da ba ta ƙarasa ba, wanda yake yawo a gari ƙarƙashin hula. Inna ta ce ko a ɗaka ba ya cire ta. Ta ce tsohon mai askinsa ya aiko a gaya masa ya zo a gyara kyauta, bai ba da amsa ba. Ta ce kowace safiya, in yana daidaita hular a madubi, yakan tambaye ta ba tare da ya juyo ba, "Yaron nan yana nan, ko ya tafi?" Zuwa yau dai tana cewa yana nan.

Game da jana'iza, iyalan marigayiya sun yanke shawara kamar haka. An ajiye gawar a aljihun teburina na sama, naɗe cikin mayafin da aka ɗaura wa Baba. Mai Tabarau zai cire haƙoranta ya wasa su, a ɗora wa magajiyarta in ta iso, domin bakin da ya fara kan nan shi zai ƙarasa shi. Ba za a rufe ta ba sai ranar. Abin cajin da ya yi sanadi ba za a mayar da shi ba, an rataye shi a jikin madubi don masu shigowa su gani. Ana karɓar gaisuwa a kujera ta uku daga buɗe shago zuwa rufewa. Ana roƙon masu zuwa kada su turo hoton kilifa ko taurarinta. Wanda ya san mai sayarwa mai fuska da ƙofa, wanda zai bari a kunna kafin a biya, ya zo da kwatance, shi ne ta'aziyyar da ta fi.

Abin da aka rasa: kilifa ɗaya. Tsoho ɗaya da kantarsa. Masu zuwa aski na kullum guda biyar, da yaro ɗaya da ya leƙo ya ga babu ita ya fashe da kuka. Barcin da ban ƙidaya ba.

Abin da ya rage: haƙora jeri ɗaya, mata ɗaya a ƙarƙashin matakala, da rabin kai wanda mai shi bai kai wa kowa ba.

Mai sanarwa, a madadin iyalai,
Ba-zama, kujera ta uku, jikin taga.